Buta a Hannun Hagu

SHAFI NA 23

Ƙarfe shida na safe, ranar Juma'a, ana yayyafi. Irin siririn ruwan nan na Nuwamba wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har ƙashi. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ga mura ta toshe mini hanci. Ku da kuke ta tambaya me ya sa na yi shiru, ku yi haƙuri. Ga yadda ranar jana'izar Inna ta kasance, iya abin da zan iya rubutawa.

Na fito tsakar gida na tarar Baba ya riga ni. Yana durƙushe a bakin rumfa, ya hura wutar karan alkama, yana babbaka kan tunkiya. Ƙafafun huɗu da bindin suna gefe a kan katako, sun riga sun yi baƙi. Tunkiyar Inna ce, tsohuwa mai ƙiba, wadda ta hana a sayar har shekara biyu. Jiya da yamma muka yanka ta.

Ƙarfe ɗaya za a binne Inna. Daga maƙabarta mutum kusan tamanin za su biyo mu gida su ci abinci, kamar yadda aka saba.

Babu wanda bai ce wa Baba ya bar dahuwar nan ba. Fasto ya faɗa, maƙwabta sun faɗa. Yaya Etelka, da ta zo daga Budapest ranar Laraba, ta ce za ta sa a kawo abinci daga gidan abinci, ya huta. Baba bai yi musu da kowa ba. Cewa kawai ya yi shekara talatin da ɗaya yana dafa wa matattun mutane rago, ba matarsa Piroska ce za ta tafi da abincin roba ba.

"Riƙe nan, Vince."

Na riƙe kan ta ƙaho, ya shiga kankarewa da wuƙa. Yana yi yana maganar da yake yi duk ranar dahuwa, wadda na haddace tun ina ƙarami. Wai daɗin pörkölt, wato dahuwar ragon nan tamu, a nan yake, a wannan fatar da wuta ta lasa. Wanda ya feɗe kai ya yar da fata, nama kawai ya dafa, ya je can birni ya sayar. Wai kakanninmu, ƙabilar Kun, da suka taso daga gabas da garkensu shekara ɗari bakwai da wani abu, haka suke yi, ba sa yar da komai sai kukan tunkiya. In naman ya dahu ya ragu, su shanya shi a rana, su zuba a jakar da suka yi da tumbi, su yi wata suna gutsura a bayan garke.

Yau dai muryarsa ba ta da ƙarfi. Faɗa yake yi don kada wurin ya yi shiru.

Muka ɗora tukunyar ƙarfe a murhu, mu biyu, da ƙyar. Tukunyar Kaka Benedek ce, uban Baba. Tana cinye tunkiya guda har da kai.

A gidanmu hawa uku ake jera nama. Ƙashi da ƙafafu da kitse a ƙasa, a watsa gishiri cikin hannu ɗaya. Tsoka a tsakiya, cikin hannu ɗaya. Sauran tsoka da kai a sama, cikin hannu ɗaya. Ba a zuba ruwa. Naman da kansa zai fitar da nasa. Wanda ya zuba ruwa, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Ya gama hawa na biyu, yana jera na uku, sai Yaya Etelka ta leƙo daga ƙofar kicin da waya a hannu. Ta ce mai furanni ne, yana tambayar abin da za a rubuta a ƙyallen furen da Baba zai ɗora a kabari, don shi kaɗai ya rage bai faɗa ba. Baba ya goge hannu ya shiga. Ni kuma na zaga baya na ba tumaki ciyawa, don tun asuba suke kuka.

Da na dawo na tarar ya rufe tukunya, yana tura itace. Idonsa ja. Ban tambaye shi abin da ya sa aka rubuta ba.

Daga nan sai jira da juyawa. Muciyar Baba ta kai ƙirjina tsawo. Ba a motsa naman kamar miya, ɗaga shi ake yi daga ƙasa a kifa, a hankali, kada ya kama. Da kafaɗarsa ta gaji ya ba ni, da tawa ta gaji na mayar masa. Albasa ta shiga. Hanta da huhu suka shiga daga baya. Yayyafi bai tsaya ba.

Wajen ƙarfe tara na shiga kicin neman shayi. Yaya Etelka tana goge faranti, na aro daga gida huɗu. Ta dube ni ta ce kamar ni za a binne. Ta zuba mini shayin, ta sa zuma, sannan ta rufe ƙofa.

Ta ce ta riga ta gyara wa Baba ɗaki a gidanta, hawa na shida, akwai na'urar hawa. Ta ce jiya ya ɗora madara ta ƙone ƙurmus, yana zaune kusa da ita, bai ko juya ba. Ta ce ni ina wurin aiki daga safe har yamma, wa zai riƙa kallonsa?

Na ce mata mutumin da aka raba da matarsa ranar Talata ba a ƙirga masa madara. Na ce gida biyu sun riga sun kama shi dahuwar biki a bazara. Na ce in aka raba shi da murhun can, ba zai kai bazarar ba.

Ta daɗe tana goge faranti ɗaya.

"Na sani, Vince. Shi ya sa ban matsa ba. Muddin ana kiransa dahuwa, na bar maka shi. Amma ranar da tukunyar nan ta ƙare masa, ranar zan zo da mota. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Ba mugunta ba ce. Ita ma ba ta yi barci ba.

Ƙarfe goma da rabi naman ya saki ƙashi, romon ya yi kauri yana tsalle a hankali. Lokacin ɗanɗano ya yi.

Sau ɗaya ake ɗanɗanawa, kafin a zuba jan garin tattasai, kuma mai dahuwa kaɗai ke yi, da ɓawon burodi. In garin ya shiga, an rufe maganar gishiri, wanda aka ƙara daga baya a sama yake yawo, kowane tsoho zai gane. Kuma ranar da aka dafa rago ba a ajiye gishiri a tebur. Baƙon da ya ce a miƙo masa gishiri, ya zagi mai dahuwa a gaban jama'a.

Inna ce ke kawo burodin kullum, a farantin nan mai bakin shuɗi. Yau ni na kawo.

Baba ya karya ɓawo, ya tsoma, ya ɗago har kusa da baki. Sai ya tsaya. Ya mayar da shi kan faranti.

"Na sa na uku?"

"Na uku me, Baba?"

"Gishiri."

Na ce ban gani ba, ina wurin tumaki. Ya ce ya tuna ya tsoma hannu a kwano, sai Etelka ta kira shi. Bai sani ba ko ya watsa, ko ya mayar.

"To ai ga burodi nan, Baba. Ɗanɗana ka ji."

Ya waiga ya dubi ƙofar kicin. A rufe take. Ya zauna a kan kututture, ya ɗora muciya a gwiwa.

"Vince, shekara huɗu ke nan bakina bai san gishiri ba."

Ban gane ba da farko. Ya ce tun zazzaɓin nan da ya kwantar da rabin gari. Ya warke, ya tashi, amma harshe da hanci ba su tashi tare da shi ba. Nama, burodi, zuma, duk kamar ya tauna tsumma. Ya jira wata ɗaya, wata shida, shekara. Shiru.

Na ce amma a shekara huɗun nan ya yi dahuwa ta fi arba'in, kuma babu wanda ya taɓa neman gishiri.

Ya ce Inna ce.

Ya ce in ta kawo burodi, sai ya tsoma, ya juya baya kamar ya gutsura, ya mayar kan faranti. Ita ta tafi da shi kicin ta ci. Can sai ta fito da butar ruwan sha, kamar ta kawo wa masu aiki. In a hannun dama ta riƙo, ya isa. In a hagu, a ƙara cikin hannu ɗaya.

Sau nawa na ga Inna tana ratsa tsakar gidan nan da shuɗiyar butar nan? Sau nawa na karɓa na sha, na ce mata sannu? Ban taɓa duba hannun ba.

"Na ɗauka yau zan iya da lissafi kaɗai," in ji shi. "Uku ne, ba su da yawa. Ga shi ukun ma sun gagare ni."

Na ce bari in gwada. Ya ɗaga kafaɗa. Na karya wani ɓawon, na tsoma, na sa a baki. Ban taɓa yi ba a rayuwata. Na tauna, na tauna. Zafi na ji, da maiƙo. Murar nan ta kashe komai.

"Da daɗi," na ce.

Saura kaɗan ya yi dariya.

"Kai ko takalmi aka dafa maka da albasa, da daɗi za ka ce. Uwarka ta ce bakinka ƙofar coci ne, kowa ya zo ya shiga."

In ya ƙara alhali ya sa, naman zai yi ɗaci da gishiri, mutum tamanin su tashi da ƙishirwa da labari. In bai ƙara ba alhali bai sa ba, wani tsoho zai share murya ya ce a miƙo gishiri. Yaya Etelka shekara goma rabonta da nama, kuma ita ce ta ƙarshe da za mu so ta sani. Na ce ko in kira maƙwabcinmu a ɓoye. Baba ya ce matarsa ce ke share coci, kafin a gama binne Inna labarin ya riga mu gida.

Muna cikin haka ƙyauren waje ya yi ƙara.

Baffa Gáspár ne, yayan Baba. Baƙar kwat, baƙar hula, sanda a hannun hagu.

Ga wanda bai karanta shafukan baya ba: shekara talatin da ɗaya da suka wuce Kaka Benedek ya sa 'ya'yansa biyu gwaji, kowa ya dafa rago, shi ya ɗanɗana. Ya ba ƙaramin, wato Baba, tukunya. Tun ranar Baffa bai sake riƙe muciya ba. Amma duk inda Baba ya yi dahuwa sai ya zo, ya ci faranti biyu, ya goge baki, ya faɗi aibi ɗaya. Yau albasa ta yi yawa. Gobe an yi gaggawar wuta. Abin haushin, duk garin nan an san babu mai harshe irin nasa.

"Auta," ya ce wa Baba, mai shekara sittin da shida. "Har yanzu ba ka zuba gari ba? So kake a binne ta kana nan kana gadin wuta?"

Baba ya ce ana nan ana yi.

Ya juyo gare ni. "Kai kuma Dogo, matsa da hancin nan daga bakin tukunya. Ba a zuba ruwa, ko na hanci ne."

Na ja baya. Ya shigo rumfa, ya kakkaɓe hula, ya zauna a benci da nishi. Ya yi wa Baba ta'aziyya a gajarce, kamar mai biyan tara, sannan ya hau abin da ya saba. Ya ɗauki gwangwanin jan gari ya shinshina. Ya ce na bana ne, Piroska ta iya shanya tattasai, ba za a ƙwace mata wannan ba. Ya ce mutanen yanzu sun ɗauka da jan garin nan aka halicci ƙasar nan, alhali baƙo ne, zamanin Turkawa ya shigo, kuma ya daɗe a bakin taga ana kallonsa kamar fure kafin talaka ya jefa shi a tukunya don ba shi da kuɗin masoro. Ya ce kakanninmu da albasa da gishiri kaɗai suka yi suna.

"Gari ado ne. Gishiri shi ne dahuwa. Ko ba haka babanmu yake cewa ba, Auta?"

Baba ya ce haka ne. Yana tsaye ya juya mana baya, muciya a hannu, ba ya juya komai.

Na ga idon Baffa ya sauka kan farantin mai bakin shuɗi. Ɓawon da Baba ya tsoma yana nan, romo ya fara daskarewa a kansa, babu alamar haƙori.

Ya daɗe yana kallonsa.

Sai ya ce wane irin gidan makoki ne wannan, tsoho ya tako cikin ruwa ba a ko tambaye shi ya karya ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɓawon ya jefa a baki.

Na ɗauka Baba zai ɗaga muciya. Ba a yin haka. Ko Kaka da ransa ba ya taɓa burodin wani mai dahuwa. Amma Baba bai motsa ba.

Baffa ya tauna a hankali. Ya haɗiye. Na jira aibin. Na san daga nan sai maƙabarta, daga maƙabarta sai kowane gida, daga nan sai motar Yaya Etelka.

Aibin bai fito ba.

Ya share murya ya ce ƙishirwa yake ji. Na yunƙura zan ɗebo, ya ce in zauna, kada in yi masa atishawa a ciki. Ya tashi da ƙyar, ya dogara sanda, ya ratsa tsakar gida cikin yayyafi. Butar Inna tana rataye a ƙusa a gefen ƙofar kicin, inda ta bar ta. Ya sauke, ya tara a famfo.

Ya juyo. Sanda a hagu, buta a dama.

Na ji Baba ya ja numfashi.

Baffa ya zo tsakiyar tsakar gida ya tsaya. Ruwa na ɗiga daga bakin hularsa. Ya dubi Baba ido cikin ido. Sannan ya maƙale sandar a hammata, ya mayar da butar hannun hagu, hannun da injin yankan ciyawa ya ci wa yatsu biyu, wanda ban da sanda ko cokali ba ya riƙewa da shi. Ya taho a haka, ruwan na fantsama a wandonsa, har rumfa. Ya dire ta a gaban Baba.

Bai sha ba.

Baba ya tsoma hannu a kwanon gishiri, ya cika, ya watsa. Ya ɗaga naman daga ƙasa ya kifa. Ya sake. Ya sake. Muciyar ta san hanya.

Ya yi kusan minti biyar yana juyawa kafin ya yi magana, kuma da tukunya yake yi, ba da kowa ba.

"Ta rantse mini ba ta faɗa wa kowa ba."

Baffa yana benci yana matse ƙafar wando.

"Ranar da ta rantse maka ba ta faɗa ba tukuna. Bayan wata biyu ta zo mini tana kuka, ta ce kana shirin jefa tukunya a rijiya. Kana tsammani ita ta ƙirƙiro maganar buta?"

Baba ya juyo.

"Ni na koya mata," in ji Baffa. "Ni ma ba ni na ƙirƙiro ba. Uwarmu ta yi wa babanmu shekara tara, har ya mutu. Kai kana bayan garke, ni nake gida, ina gani."

Ban yi makaranta mai nisa ba, amma wannan lissafin bai gagare ni ba. Kaka Benedek ya rasu shekara biyu bayan gwajin. Ke nan ranar da ya tsoma burodi a tukwane biyu, ya ɗaga kai ya ce ƙaramin ya fi, bakinsa bai san gishiri ba. Kuma Baffa ya sani. Yana tsaye a wurin, ya sani, ya yi shiru shekara talatin da ɗaya.

Can nesa ƙararrawar coci ta fara bugun farko. Yaya Etelka ta buɗe taga ta ce saura awa ɗaya da rabi, kuma babu wanda ya yi wanka a cikinmu. Ta tambaya ko lafiya, ta ga mun yi cirko-cirko. Baffa ya ɗaga mata hannu ya ce ba komai, burodi ya sata, ubanta na shirin dukansa. Ta ce tsofaffi biyu ba sa jin kunya, ta rufe taga.

Baba bai ko waiga ba.

"Yaya." Rabon da in ji ya kira shi haka, ban tuna ba. "To ranar gwajin, wa ya zaɓe ni?"

Baffa ya miƙe. Ya karya sabon ɓawo, ya tsoma a tukunya da kansa, ya hura, ya tauna yana kallon rufin rumfa. Ya goge yatsu a hankici.

Ya sunkuya ya ɗauki butar da hannun dama, ya matsar da ita taku ɗaya, ya dire. Dama: gishiri ya isa, kuma iyakar amsar da Baba ya samu ke nan.

Baba ya buɗe gwangwanin jan gari. Baffa ya gyara hula, ya dogara sanda, ya fita cikin ruwa ya bar ƙyauren a buɗe.